Jama'ar Da Tsohuwar Mota Mai Dizal Ke Tara Maka

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota mai shan dizal ya san ƙarfen ba shi da wuyar sha'ani. Ka ba shi mai mai tsabta, ka yi masa juye a kan kari, ka riƙa leƙa ruwan lagireto da safe, zai yi ta kai ka yana dawo da kai har ku tsufa tare. Abin da ke fito wa mutum da furfura shi ne jama'ar da motar ke tara masa. Tawa Marsandi ce 240D, cikin ƙirar W123 da Jamusawa suka yi tsakanin 1976 da 1986. Agogon kilomitarta ya gaji ya tsaya tun yana nuna sama da 400,000, ita kuwa ba ta tsaya ba, kuma duk inda ta sa taya sai ta samo mini sabon aboki.

Na kusa shi ne maƙwabci. Ba ya faɗa, ba ya kai ƙara wurin mai unguwa. Jira yake ku haɗu a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji, yau ma mun ji an tayar da injin niƙan da wuri." Ya yi dariya, ka yi dariya, kowa ya san ba wasa yake ba. Amma ran da naƙuda ta kama maiɗakinsa da tsakar dare, ƙofarka yake bugawa.

Sai masanin majalisa. Wannan ko babur bai taɓa mallaka ba, amma da ka ɗaga bonet zai taso daga kan benci, ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya saurara, sannan ya yanke hukunci: "Fulogi ne." Ka ce masa, Malam, wannan injin ba shi da fulogin wuta, iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya feso mai ya kama da kansa. Sai ya gyaɗa kai, wai dama abin da yake shirin faɗa ke nan, ya ce, "To a wanke kafireto." Shi ma babu. Ba ya jin kunya, kuma ba ya komawa benci. Yana nan tsaye har ta tashi, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ban faɗa ba?"

Sarkinsu duka dai shi ne bakaniken fetur da ya ce ya iya dizal. Garejinsa gindin darbejiya ne, da benci mai ƙafa uku da rabi, da yara shida masu riga kalar baƙin mai. Tun ba ka gama fakin ba ya fara murmushi. "Oga, sannu da zuwa. Irin waɗannan ai a hannunmu suka girma." Ka fara bayani, ka ce da safe tana farin hayaƙi, tana ɗan kakkarwa kafin ta daidaita. Ba zai bari ka kai aya ba. "Ƙaramin aiki ne." A bakinsa komai ƙaramin aiki ne, har sauke inji. Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna kunne a ƙota, ya lumshe ido. Yara su yi tsit. Kai ma ka yi tsit. Can ya ɗago, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce sai an buɗe sama.

Kafin ka ce a tsaya a yi shawara, biyu sun shige ƙarƙashi, ɗaya ya haye kan fenda, ana ta jefa notina cikin yankakken galan. Duk notin da ya yi wa sifana gardama, guduma ce maganinsa. In mai ya ƙi zuwa, ogan da kansa zai kafa baki a tiyo ya zuƙa, ya furzar, ya goge leɓe da hannun riga, ya ci gaba da ba ka labarin wani attajiri da ya kawo masa irinta daga Zinder bayan kanikawan can duk sun kasa. Daga nan ya yage kwalin filta, ya rubuta jerin kaya a baya, ya ce a ba yaro kuɗi ya je kasuwar Ƙofar Ruwa. Yaron ya tafi da hantsi, ya dawo bayan la'asar da abin da ba shi aka aike shi ba, canji kuwa ya tafi a kuɗin adaidaita.

"Oga, ka zo gobe da azahar, in sha Allahu ka tafi da abarka." Goben ka tarar an yi rasuwa a unguwarsu. Jibi babu wuta wurin mai walda. Gata motarka ta zama ɗakin ajiya, kwanukan abincin yara a kujerar baya, wandon wani yana shanya a kan madubi. Ran da Allah Ya yi aka haɗa ta, ka leƙa galan ka ga noti uku da wasu siraran tiyo sun yi saura. Ka tambaya. "Ai Bature ne da son ƙawa. Ba su da wani aiki." Sai ya karɓi makulli zai fita gwaji, da manka, ya dawo bayan awa biyu da buhun gawayi a but.

To waɗannan siraran tiyo da Bature ya sa don ƙawa, da su ake kashe motar. A wannan ƙirar, in ka murza makulli, zuƙar iska ce ke bi ta cikinsu ta ja wani mariƙi a jikin famfo ya yanke mai, kuma ita ce ke kulle ƙofofi. Saboda haka za ka isa ƙofar gidan surukai cikin babbar riga, ka murza makulli, ka zare shi, ka jefa aljihu, mota na ci gaba da rugugi abinta. Dole ka naɗe hannun riga, ka ɗaga bonet, ka danna ɗan ƙarfen nan da kamfani ya rubuta wa STOP, yaran layi suna kallo, surukinka yana leƙe ta zaure. Ka koma gareji a fusace. Ya saurare ka har ƙarshe, wannan karon, sannan ya ce, "Oga, lafiya ce ta yi mata yawa. Da ba ta son tashi, yanzu ba ta son mutuwa. Wanne ka fi so?" Abin takaicin, fushi da shi ba ya kwana. Ranar sallah shi ne farkon mai kiranka barka, yana tambayar yaya jikin mutuniyar.

Wanda ya iya da gaske yana can bayan layin manyan motoci, tsoho ne mai gyaran famfo da nozul. Ba ya doguwar gaisuwa. Ya ɗaura nozul a na'urar gwaji, ya danna, in ya ga ɗiga yake maimakon feshi ya ture gefe. Ya duba aikin wancan, ya tambaye ka, "Wa ya taɓa ta?" da muryar da ke sa ka sunkuyar da kai. Farin hayaƙin safen nan kuwa, in ji shi, hita ɗaya ce ta mutu. Aibinsa guda: tireloli ne jere a gabanka, shi kuma ba ya sauri don kowa.

Mai kayan gyara kala uku gare shi na kowane abu: orijinal, ɗan Beljiyam, da "wannan ma yana yi". Na sha lura duka ukun daga kwali ɗaya yake zaro su.

Da hunturu ake sanin masu turi. Sanyi ya kwana a inji, batir ya yi la'asar, ka murza hita ka jira, ka sake jira, ta yi tari biyu ta yi shiru. Jama'ar Annabi ba sa barin mutum shi kaɗai, nan da nan an taru. Sai dai matsin injin dizal ya ninka na fetur fiye da sau biyu, turin da zai tayar da ƙaramar mota ita ko a jikinta. A cikin taron akwai masu turi da gaske, yawanci almajirai biyu da mai shayi. Akwai kuma kwamanda, wanda ya ɗora yatsa uku a kan but yana ta ihu: "Sa ta a giya biyu! Saki kuloci! Kai, ka yi saurin saki!" Da ta kama, masu turin gasken su sha baƙin hayaƙi a fuska, kwamanda kuma shi ne farkon isowa taga karɓar na goro.

Yaron gidan mai, da ya ga ƙaramar mota, hannunsa kan famfon fetur yake zuwa. Shi ya sa ba mai dizal da ke zama cikin mota ana zuba masa mai. Fitowa muke mu tsaya a kansa, mu nuna masa famfon da tirela ke sha, ya dube mu, ya sake duban motar, ya ce, "Baba, ka tabbata?"

A gida kuma akwai ƙanin uwargida mai lissafi. Zamanin da ake kwana a layin fetur ina wucewa in sha dizal ba layi, bai ce komai ba. Amma da litar dizal ta tashi daga ƙasa da naira 300 a farkon 2022 zuwa wajen 800 a ƙarshen shekarar, sai ya buɗe mini littafi. Kullum ya zo gaisuwa da shawara ɗaya cikin biyu: "Yaya, ko dai a rabu da ita, ko a ɗora mata injin Toyota." Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗan rage murya, ya koma aron ta in zai kai kaya ƙauye.

Kishiyarsa shi ne ɗan bokon da ya karanta tarihi. Ya san cewa a baje kolin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, kuma ya san labarin direban tasin nan na ƙasar Girka da ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ƙirar 1976, har kamfanin ya karɓe ta ya ajiye a gidan tarihinsa a 2004. Duka gaskiya ne. Wurin da aka ce an sha sauke mata inji ana ɗora wani ne bai karanta ba. Burinsa a duniya in bar shi ya tace man suyar mai ƙosai ya zuba mini a tanki, a ga abin da zai faru. A motata, ba a tasa ba.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai gurɓata mai. Lokacin da kananzir ke da araha da shi yake haɗi. In babu, ya zuba ragowar gindin tanki mai ruwa da laka, ko man da aka dafa a daji, ya jera jarkoki a bakin hanya, ya rantse maka da Allah daga gidan mai ya ɗebo. Ya sani sarai cewa nozul da dizal ɗin kansa yake samun santsi, ruwa kaɗan ya isa ya sa tsatsa ya ci shi, ya bi famfo ya lalata. Ya kuma san ba a gabansa motar za ta mutu ba. Sai an yi nisa, dare ya yi, a dajin da ko waya ba ta shiga, a irin hanyoyin da a yau ba mai son tsayawa ko da rana. Ni in tawa ta kwanta, na hau adaidaita wata guda in haƙura. Direban haya fa, mai tsohuwar J5 ɗauke da mata da yara da kayan gwari, wanda gyaran famfo zai cinye masa cinikin makonni? Don ribar 'yan nairori a jarka ɗaya ake yi masa haka. Wannan ba dabarar kasuwa ba ce, zalunci ne, kuma rantsuwar da yake haɗawa da ita ta fi man muni.

Sauran nau'i ɗaya, kuma shi ne mafi yawan surutu: masu motocin da kansu. Za ka gane su da fakin a kan gangara ko da akwai inuwa a fili. But ɗinsu ba ya rabo da jarkar ruwa, da galan ɗin baƙin mai, da igiya, da filta ta ko-ta-kwana. Ana tsakiyar hira a hanya sai su kashe rediyo su ce kowa ya yi shiru, sun ji wata ƙara. In suka haɗu da ɗan uwansu a titi sai an yi wa juna fitila, in a gareji ne kuwa an shiga ƙaryar shan mai ke nan, wannan ya ce da rabin tanki ya je Kaduna ya dawo, wancan ya ce tasa har Zariya ta ƙara da ragowar. Rasit ɗin gyara a aljihun mota yake kwana, ba ya shiga gida. Ka ce musu hayaƙi ya yi yawa, su ce da tsohuwar zuma ake magani. Muna da yawa, kuma ba ma jin magana.

Kai kuma mai tare ni a danja kana tambayar ko ta sayarwa ce, ga shawara kyauta in ka sami wata. Je da asuba, kafin mai ita ya ɗumama ta, ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa, ka ga da bugu nawa za ta tashi. Tana aiki ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin: in ya zauna lafiya, a yi ciniki, in yana tsalle hayaƙi na bulbulowa, ringi ya tafi, ka yi sallama. Kafin ka biya kuma, ka fara nemo tsohon mai gyaran famfo na garinku ka tabbata yana da rai da lafiya. Tawa dai ba ta sayarwa ba ce.