Zuwa Ga Asibitin Koyarwa: Magani a Sama, Suya a Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta mai kati ga mai gado, da fatan janareto ya tashi lafiya, ina miƙa godiyar iyalinmu kan darasin da ka koyar da mu yau da safe.

Likitanka ne ya ce kada Inna ta sa komai a baki tun daren jiya, saboda awon suga. Muna zaune a benci tare da tsofaffi masu azumin dole, sai ga ƙamshin soyayyiyar kaza ya biyo baranda, daga shagon da ka ba haya dab da ɗakin ɗibar jini. Wani dattijo ya toshe hanci da bakin rawani yana salati. Da aka ɗebi jinin, hannun Inna na rawa, na fita neman abin karyawa. Faten wake? Babu. Kwaɗon zogale? Yarinyar shagon har da dariya. Akwai dai kaza, soyayyen dankalin turawa, shawarma da lemon kwalba mai raɓa.

Madalla da wannan hikima. A bene likita yana cewa a rage mai, a bar gishiri, a yi sallama da zaƙi, a ƙasa kuma kana karɓar kuɗin haya daga mai ƙunshe su ukun a leda ɗaya. An ba kura ajiyar nama, har da rasit. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, sukarinsa kada ya wuce kimanin giram 50. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 ta cinye rabon sukarin yinin kaf. Gwamnati ma ta ɗora wa irin wannan lemo harajin naira 10 kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Kai kuwa a firji ka ba shi wuri, kusa da masu ciwon suga.

Kada ka ce ai haka ake yi a Amurka. An yi, an kuma ji kunya. Asibitin Cleveland Clinic, da ya yi suna a aikin zuciya, ya zauna da shagon abincin McDonald's a cikinsa shekara 20, sai a 2015 ya ƙi sabunta hayar, aka rufe shagon. Kai abin da suka tofar kake lasa.

Wai me kake koyarwa ne? Ɗalibanka masu farar riga a layin kazar nan suke cin abincin dare, don bayan isha babu inda ke buɗe sai nan. Gobe su ne za su ɗaure wa Inna fuska a kan maiƙo. Da wane baki?

Liftar da ta mutu, famfon da ya ƙafe da fayil ɗin da ya yi ƙafa, na yafe su sai wata wasiƙar.

Roƙona ɗaya ne. Ko ka buɗe kicin mai dafa wake, acha da ganye dare da rana a farashin talaka, ko ka daina ɓoye-ɓoye: duk wanda ya sayi kaza da lemo a haɗa masa da katin ganin likitan zuciya, tun da ciniki ɗaya ne.

Naka ba don so ba,
Wani mai jinya