Yadda Za Ka Zama Gwanin Jaz a Garin Rumbu Ba Tare da An Kai Ka Wurin Malam Ba

Da farko dai ka sa a ranka za a yi maka dariya. Duk saurayin da ya zauna a fada ana dafa shayi, ya kunna kiɗan da babu waƙa, babu 'yan amshi, babu sunan Alhajin da ake wasawa, to ya shirya jin: "Kai, wayarka ce ta lalace?" Kada ka tanka. Ka lumshe ido, ka riƙa gyaɗa kai a hankali kamar kana tuna bashin da kake bi. Rabin gwanintar ke nan, kuma ko dala ba ka kashe ba.

Sauran rabin sai ka shiga garin Dakwaro. Idan ka ce wa mai tura waƙoƙi a waya jaz kake so, zai ce "akwai", ya cika maka katin da waƙoƙin Indiya. Ka yi masa godiya, ka nemi inda intanet ke kamawa ka sauko da abinka da kanka. Ka sayi abin saƙalawa a kunne, in babu hali ka jefa wayar cikin kwanon sha don sautin ya yi kauri. Akwai dalili. A jaz akwai wata ƙatuwar goge mai tsayin mutum, bas, wadda ake kaɗawa da yatsu, kuma ƙaramar waya haɗiye muryarta take yi. Kana iya shekara kana sauraro ba ka san da ita a ciki ba.

Ka fara da Louis Armstrong, ɗan New Orleans ta Amurka, garin da baƙaƙen fata suka haifi wannan kiɗa a farkon ƙarni na 20. Nemi West End Blues na 1928. Minti uku ne da 'yan kai, domin faifan zamanin iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Za ka ji ƙarar tsufa tana shuu a bayansa, kada ka mayar wa mai waya, haka yake. Ƙaho ne ke buɗewa shi kaɗai, ya hau sama ya gangaro kafin kowa ya sa hannu. In ka ci gaba zuwa waƙoƙinsa na baya-baya, Inna za ta ji muryarsa ta ce a kai wa bawan Allah zuma da citta. Ka gaya mata wannan mai shaƙaƙƙiyar murya ya zo Kaduna a 1960, har ya zauna da Sardauna Ahmadu Bello.

Daga nan sai Kind of Blue na Miles Davis, 1959. A nan ne za ka gane tsarin abin, kuma ɗan ƙasar makiyaya bai kamata ya sha wuya ba. Makaɗan suna fitowa tare a kan kari ɗaya, yadda garke ke barin rijiya. Sai kowa ya bi gabansa: mai ƙaho ya yi kiwonsa, mai saksofon ya karɓa, mai fiyano ya biyo. Ganga da bas su ne makiyayan da ke riƙe da hanya. Can ƙarshe kowa ya dawo kan karin farko. Abin da suka busa a tsakiya nan take suke ƙirƙirarsa, in aka sake ɗauka gobe daban zai fito. Wanda ya san yadda Shata ke tsara baiti a tsaye, kalangu na bin sa, ya riga ya san wannan. Turawa dai sun rubuta littattafai a kai, mu muna yin liƙi.

Idan kana son kunyata abokin da ya fi kowa rawa, kunna masa Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck, shi ma 1959. Bugunsa biyar-biyar ne maimakon huɗu-huɗu, ƙafa ɗaya kullum sai ta yi saura.

A Love Supreme na John Coltrane, wanda ya fito a 1965, ka ajiye shi sai bayan girbi. Ya haura rabin awa, yana cin caji, kuma wanda ya fara da shi yakan koma Indiya bai yi sallama ba.

Za a samu dattijon da zai ce kiɗan Nasara ne, me ya haɗa mu da shi. Ka gyara zama, ka ce: "Baba, akwai Yusef Lateef." Musulmi ne, ya tashi a Detroit, gwanin saksofon da sarewa. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma abin da ya zauna yana nazari shi ne sarewar Fulani, irin wadda yaro ke busawa a bayan shanu nan kwarin Tarka. Har faifai ya yi mai suna In Nigeria. Kunna wa Baba Eastern Sounds nasa na 1961, ka miƙa masa shayi na biyu.

Abu ɗaya kawai nake roƙon ka, ɗan'uwa. Ranar bikin ƙanwarka, in aka ba ka amanar lasifika, ka bar Coltrane a aljihu. Mata sun yi anko, sun zo rawa, kuma ni ba zan zo rabon faɗa ba.