Amarya a Firiza, Mai Hoto a Wahala

Akwai wani irin hoto da ke zagaya wayoyinmu duk ƙarshen shekara. Ango da amarya tsaye a kan tafkin da ya daskare, duwatsu a bayansu sun yi fari fat, ita tana murmushi ba ko mayafi mai kauri a kafaɗarta, shi kuma ya ƙame yana kallon nesa. Da ya faɗo hannun Kanawa sai a fara yanke masa hukunci. Wannan ya ce haɗi ne. Wancan ya ce kwamfuta ce ta zana. Wani Alhaji kuma, wanda iyakar tafiyarsa Kwari zuwa Singa, ya rantse cewa labule ne aka rataya a bayansu, irin na masu hoton Sabon Gari.

To Alhaji, gyara zama. Ni Bazazzage ne, kuma tun kaka da kakanni wayar da kan Bakano aikin gidanmu ne, ba yau za mu gaji ba.

Wurin nan akwai shi. Tafkin Louise ake ce masa, yana cikin gandun Banff a lardin Alberta na ƙasar Kanada, a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,700. Tun daga wajen Nuwamba ruwansa ke daskarewa, ba ya sakin jiki sai wajen ƙarshen Mayu, kuma ƙanƙarar kan yi kaurin da jama'a ke yawo a kanta hankali kwance. Mutane na biyan kuɗin jirgi takanas ta Kano (ku yi haƙuri, haka karin maganar ta zo) don a ɗauke su hoton aure a can.

Na san abin da ya hana ku yarda. Da jikinku kuke awo. A watan Janairu, in sanyin asuba ya sauko digiri 12 ko 13 a Kano, gari ya rikice ke nan. Wanka sai an yi shawara da iyali. Alwala da ruwan randa ta zama jarrabawa. Alhaji ya fito da hular sanyi har kunne, safa biyu a ƙafa, suwaita a ƙarƙashin babbar riga, yana gaisawa da mutane hannu a hammata. Mutumin da ke wannan hali a digiri 13 sama da sifili, ina zai gaskata cewa 'yar mutane ta tsaya tana dariya a 20 ƙasa da sifili? Don ku gane lissafin: firizar da Hajiya ke daskarar da zoɓo da ƙanƙarar sayarwa, in wuta ta zauna, a 18 ƙasa da sifili take aiki. Daren Janairu a birnin Winnipeg na Kanada, inda 'yan Najeriya da yawa ke karatu da aiki, yakan fi cikin firizar nan sanyi. Can ma ana ɗaura aure, ana kuma fita a yi hoto.

Yanzu bari in ba ku ɗan abin da za ku riƙe, don kada ku koma gida hannu rabbana. Akwai rufa-rufa a hoton, amma ba inda kuke zato take ba. Tafkin na gaske ne, amaryar ta gaske ce. Abin da aka ɓoye muku shi ne abin da ke taku uku daga gefen hoton. Can akwai ƙawar amarya ta buɗe bargo da hannu biyu tana jiran a ce an gama. Can akwai mota a kunne, na'urar ɗumama ciki tana ta aiki. Ƙarƙashin doguwar rigar nan kuwa, da za a ɗaga ta, takalmin ƙanƙara za ku gani mai gashi a ciki, da wando mai kauri, don takalmi mai tsini yana cikin jaka sai an koma zaure. Amarya takan fito ne na 'yan mintuna, a ɗauka, a nannaɗe ta a mayar mota, jini ya dawo, a sake fitowa. Ba ragwanta ba ce. Hukumar kula da yanayi ta Kanada kan yi gargaɗi cewa in sanyi da iska suka haɗu suka kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ko furen da ke hannunta, in ɗanye ne, bai daɗe a waje zai yi baƙi ya langaɓe.

Wanda ba ya shiga motar nan shi ne mai hoto, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Kafin amarya ta fito ya riga ya zagaya wurin, ya tsayar da yaronsa a inda za ta tsaya ya gwada haske, domin in ta fito babu lokacin "ɗan matsa hagu, a'a koma dama". Kuma ba zai bi ta gaba ba. Dusar ƙanƙara tana riƙe sawu, taku ɗaya ya ɓata shimfiɗar da ake so ta fito sumul a gaban hoton. Dole a zagayo da ango da amarya ta baya ko ta gefe, kuma a tsare dangin nan masu son leƙe kada su ratsa. Ku da kuka san yadda ake fama da 'yan'uwan ango a ƙofar masallaci ranar ɗaurin aure, kun san wannan kaɗai aikin mutum biyu ne.

Ina jin wani yaro can baya yana cewa, "Yaya, ai wayata ta isa." Ƙanena, kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa iPhone daga sifili zuwa digiri 35 aka yi ta ta yi aiki. Manyan kyamarori ma, irin su Canon da Nikon da Sony, galibinsu sifili zuwa 40 ne a takardarsu, 'yan kaɗan ne aka yarje wa su sauka zuwa 10 ƙasa da sifili. Suna aiki a ƙasa da haka, amma da mita. Batir ne ke fara yaji. Sanyi yana rage gudun sinadarin da ke cikinsa, sai ka ga wanda aka cika da safe ya nuna ya kusa mutuwa alhali ba a yi rabin aiki ba. Bai mutu ba, suma ya yi. Shi ya sa mai hoto ke cusa batira a aljihun ciki, jikin fatarsa, yana musanya su: wanda ya suma ya koma ƙirji ya farfaɗo, mai ɗumi ya fito. Wasu kan haɗa su da ɗan ƙunshin ɗumama hannu, wanda garin ƙarfe ne a ciki, da ya sha iska sai ya fara tsatsa yana fitar da zafi. Ga kuma rigimar yatsu. Safar hannu mai kauri ba ta danna ƙananan maɓallai, siririya kuma ba ta hana sanyi, don haka yatsa biyu kullum suna waje suna karɓar hukunci. In ya kuskura ya saki numfashi a bayan kyamara lokacin da yake leƙe, tururin bakinsa ya daskare a kan gilashi, sai ya tsaya kankarewa amarya na karkarwa.

Babban tarkon ma a cikin ɗaki yake. An gama na waje, kowa ya ruga zauren biki, ga ɗumi, ga tururin abinci, ga numfashin mutum ɗari biyu. Iska mai ɗumi tana ɗauke da laima, da ta taɓa gilashin da ya sha sanyi sai ta zama raɓa, ta waje da ta ciki. Ta waje a goge. Ta ciki kuwa sai haƙuri, tana iya cin rabin awa ko fiye, kuma a cikin rabin awan nan ne ango da amarya za su shigo, uwar amarya ta fashe da kuka, a yi duk abin da aka ɗauko mai hoto dominsa. Wanda ya san aiki tun a waje yake saka kyamara a leda ya ɗaure bakinta, raɓar ta sauka a kan leda, kyamara ta ɗumama a hankali. Wanda ya fi shi sani yana da kyamara ta biyu da ba ta taɓa fita ba tun safe. In kun ji kuɗin aikinsa kun riƙe baki, to ku tuna kuɗin kyamara biyu ne.

Akwai wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu baƙar fata. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba shi da wayo. An gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka gauraya, toka-toka ne. In ya ga fari ya cika ko'ina sai ya ce haske ya yi yawa, ya rage. Dusar ƙanƙara ta fito ruwan toka, farar riga ta yi dauɗa-dauɗa. Baturiya dai za a gane ta. Ɗan Malam kuwa, da ya sha farar shadda ya tsaya a cikin farin fili, abin da zai rage a fuskarsa haƙora ne da fararen ido. Dole mai hoto ya ƙi jin shawarar kyamara, ya ƙara haske mataki ɗaya ko biyu da hannunsa, amma ba har aikin zaren da ke wuyan rigar ya narke ya ɓace ba. Tsakanin fuskar ango da ɗinkin rigarsa tazara ce 'yar kaɗan, a nan ake bambanta mai hoto da mai kyamara. Ga inuwa kuma, a kan ƙanƙara shuɗiya take fitowa saboda hasken sama, in ba a gyara launi ba amarya za ta yi kalar mai ciwo.

Hajiya, ke kuma da kika ce wace uwa ce za ta bar 'yarta ta yi wannan wauta, ga wadda za ta fi ba ki haushi: can ba a jiran mai kwalliya. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a Winnipeg, a Landan ma kafin ƙarfe 4. Kafin 2:30 La'asar ta yi. A tsakanin duwatsu kuwa tun kafin faɗuwarta rana ke ɓuya a bayan tsauni. Mu da muka saba a rubuta ƙarfe 2 a kati, amarya ta fito ƙarfe 5 ana ɗaura mata gwaggwaro a mota, da mu ne a can da duk albam ɗinmu na dare ne.

Me ya kai su, in wahalar ta kai haka? A birane da yawa kuɗin zauren biki yakan sauka a wannan lokaci, don kowa bazara yake rububi. Amma mai hoto yana da nasa dalilin da ba zai faɗa wa Alhaji ba. Ranar hunturun can ba ta hawa tsakiyar ka, a kaikaice take tafiya yini guda, haskenta mai taushi ne. Farar ƙasa kuma tana mayar da hasken sama zuwa fuska, ta share inuwar ƙarƙashin ido da haɓa, abin da a nan sai an sa yaro ya riƙe faifan haske. In aka yi sa'a ƙanƙara na zuba da magariba, aka ajiye filasha a bayan ma'auratan, kowane ɗigo sai ya kama wuta. Wannan hoton ne kuka fi cewa haɗi ne, shi ne kuma wanda aka fi shan wuya a kansa.

Mutanen Jos na ɗaga hannu, wai su ma suna da sanyi. Mun ji, mun kuma yaba, kuna sauka ƙasa da digiri 10 wani dare. Ku zauna.

Amma kada Kanawa su ɗauka namu hunturun wasa ne ga mai hoto, alhali a cikinsa muke tara bukukuwa, an gama kaka, ma'aikata da 'yan makaranta sun samu hutu. Namu makamin ƙura ce, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Hazon yana tausasa rana, wannan alheri ne, amma yana mayar da sama fara, ya kashe launin leshin da aka kashe wa dukiya. In mai hoto ya cire gilashin kyamara a fili don ya sauya wani, ƙura ta shige ciki, kowane hoto daga nan zai fito da ɗigo a wuri guda, sau da yawa a goshin surukar da ba a wasa da ita. In ya harba filasha da dare a filin kamu, mata na rawa suna tayar da ƙasa, sai hoton ya cika da fararen ƙwallaye, washegari a ce aljanu sun halarci biki. Sai kuma basilin. Kowa ya lafta don tsoron kaushi da tsagewar leɓe, filasha ta sauka a goshin abokan ango, a rasa wanda za a kalla don ƙyalli. Wanda bai shafa ba kuma ya fito fururu. Duk wannan mai hoto ne zai zauna ya gyara, fuska bayan fuska, har da ɓoye wuyan suwaitar Alhaji da ya leƙo ta saman kaftani.

Shi ne kuma za a manta da shi wajen rabon abinci, a tuna da shi bayan kwana biyu ana kira ana cewa ina hotuna. Alhaji, cikon kuɗinsa yana wajenka tun bikin babbar 'yarka. Ka aika masa, ka haɗa da na shayi.