Kofi ɗaya, kawu ɗari

A watan Oktoba, lokacin da aka koma lakwal, ɗan wasan ƙwallon kwando maraya ne. Ya je kasuwar Petit Marché wurin babansa mai tumatir neman kuɗin takalmi, uban ya dube shi daga ƙafa har kai ya ce: "Wannan tsawon da Allah ya ba ka, ga buhun albasa can yana jiran mai ɗauka." Ya juya wurin kawu mai karas, kawu ya ce kasuwa ba ta ci. Haka yaro zai koma fili da takalmin yayansa, babban yatsa na leƙen duniya.

Filin ma sai a hankali. Ƙarfen da ake jefa ƙwallo yana nan a mita 3.05 yadda doka ta ce, amma ragar ta riga mu gidan gaskiya tun zamanin wasannin Francophonie na 2005. Ƙwallo guda ce, tana sace iska. Mushen motsa jiki shi ne koci, shi ne likita, shi ne mai sayen ruwan leda daga aljihunsa.

Sai a fara wasa, a lallasa yaran sau biyu a jere. Nan ne ƴan fada ke shigowa. Kasuwar da gobarar 2012 ma ba ta rage mata surutu ba, ai ba za ta bar wannan ya wuce ba. Ana zuba shayi na biyu, wani da bai taɓa riƙe ƙwallon ba zai yanke hukunci: yaran ba su da zuciya. "In da ɗan kokawa Issaka Issaka ne, ya bar mutum ya wuce shi da abu a hannu? Ai sai ya kai shi ƙasa!" A yi masa bayani cewa a nan kama mutum laifi ne, in ka yi biyar a fitar da kai. Ya ce to shi ya sa ba a ba da takobi kamar a kokawa.

Amma bari su ci wasa uku a jere, ka ga ikon Allah. Kawun da kasuwa ba ta ci masa ba zai tuna cewa shi ya yi wa yaron huɗuba. Dangin uwa su ce tsawon nasu ne, dangin uba su tono wani kaka na Dogon Dutsi da ba ya shiga ɗaki sai ya sunkuya. Malamin unguwa ya ce tun yaron na goye ya gani. Mai tumatir kuwa an ba shi labarin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, ya kwana yana juya dalar Amurka zuwa sefa. Da safe ya hana yaron taɓa buhu, kada hannu ya goce.

In rabo ya kai su wasan ƙarshe, a ce a Palais du 29 Juillet, to ranar ta manya ce. Gwaggo ta fitar da anko. Maroƙi ya zo yana wasa mutanen da ba su san launin rigar ƙungiyar ba. Babban baƙo ya makara, yara na ta ɗumama jiki har suka huce, sa'an nan ya yi jawabin da ya fi wasan tsawo, alhali wasan zubi huɗu ne na minti 10. Kawu ya yi tafi da ƙarfi lokacin da abokan hamayya suka jefa, aka taɓa shi, ya ce shi mai adalci ne.

Wurin hoto ne abin ya fi ba ni dariya. Manyan riguna a gaba, hannu goma kan kofi. Waɗanda suka yi gumin an tura su baya, wai ai dogaye ne, za a gan su. Mushe ba ya ciki, shi aka miƙa wa wayar ya ɗauka.

Kofi ya tafi ofishin shugaban makaranta, anko ya shiga akwati, yara sun koma haddar jarrabawar bak. Kawunai, ga saƙo daga fili: ƙwallon nan har yanzu guda ce. Wanda bai iya sayen sabuwa ba, ya taimaka da famfon keke.