Kishiyoyi biyu a ciki ɗaya

Da gwiwata ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai na shiga kemis na sayo kwalbar kalsiyam. An ce baligi na buƙatar miligiram 1,000 a rana. Ni kuwa ba na son jeka-ka-dawo, sai na riƙa haɗiye shi a tashi ɗaya. Ashe hanji ya fi karɓar 500 ko ƙasa da haka a lokaci guda. Ciki ya ɗaure tamau. Kwana uku ina shiga bayi da buta, ina fitowa da ita a cike.

Wani maƙwabcina, wanda ya yi karatun likitancinsa a WhatsApp, ya ce in ƙara da magnisiyam. Na yi wa uwargida kishiya ke nan. Amarya kuwa ba ta da ta-ido, buɗe ƙofa kawai ta iya. Idan ƙwayar ta haura miligiram 350 a rana takan kawo gudawa. Wannan karatun a motar haya na ɗauke shi, bayan mun bar Zariya, ga direba ya rantse ba zai tsaya ba sai Kwanar Dangora.

Yanzu dai na raba musu kwana: uwargida rabi da safe rabi da rana, tare da abinci, amarya kaɗan da dare.

Goggo ta juya kwalaben, ta tambayi kuɗinsu. Na faɗa. Ta yi salati.

"Kai ɗan nan! Nono, zogale, riɗi, wake da gyaɗa, duk suna gidan nan. Kawo rabin kuɗin in dafa maka."