Masu Jita Tara da Fedojinsu

Mai jitar lantarki da hannu yake kiɗa, amma in kana son sanin halinsa, dubi gaban ƙafarsa. Nan za ka ga 'yan akwatunan ƙarfe masu launi iri-iri a jere tsakanin jita da amfilifaya, kowanne da maɓallin da ake takawa. Su ne fedoji. Wata ta kausasa sauti ya fito da gurnani, wata ta yi masa amsa-kuwwa, wata ta sa shi kaɗawa, wata kuma, irin wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, ta sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa.

Tun 1977 kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da ƙananan fedojinsa, amma na dogon lokaci sai mai ɗan hali ke iya tara su. Daga baya kamfanonin China irin su Mooer da Joyo da Donner suka shigo da 'yan mitsi-mitsi, tsawo kamar santimita 9, faɗi kamar 4, wasu a kan dala 20 zuwa 40. Yanzu mai kiɗan coci a Jos da mai kiɗan biki a Agadas duk suna iya mallakar sautin da a da sai dai su ji a faifai. Da arha ta zo, uzurin rashin kayan aiki ya ƙare, sai halin kowa ya fito fili.

Saura Ɗaya

Wannan yana da korayen fedoji biyar, dukansu kwaikwayon abu guda: Tube Screamer, wadda kamfanin Ibanez ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, Stevie Ray Vaughan ya sa masu jita suka haukace a kanta. Tambaye shi bambancinsu, ya ce wannan ta fi ɗumi, waccan ta fi sakin jiki, ta uku kuma ba a bayaninta, sai an ji. Ba zai taɓa yarda ya ba da dala 200 a kan feda ɗaya ba, don shi ba almubazzari ba ne, amma ya sayi ta dala 25 har guda goma bai ankara ba. An ƙera ƙananan fedoji ne don a rage kaya. Shi kuwa da ya ga fili ya samu a kan allon da yake jera fedojinsa, sai ya cike shi. Allon da ke ɗaukar biyar yanzu yana ɗaukar goma sha biyu, nauyin yana nan inda yake. A gida ne yake shan tambaya.

"Baban Ummi, wannan ƙunshin kuma na mene ne?"

"Ai tsohuwa ce, gyara na kai."

"Tsohuwa da leda da rasit?"

Kullum maganarsa ɗaya: saura guda ɗaya allon ya kammala. Tun bara waccan yake faɗin haka.

Malam Kunne

Shi yana jin abin da sauran bayin Allah ba sa ji. Yana rantsuwa yana bambance sautin batir da batir, da waya mai tsawon mita uku da mai mita huɗu. Ya haddace lambar JRC4558, ɗan ƙanƙanin abin da ke cikin tsofaffin Tube Screamer, yana faɗinta da girmamawa. Burinsa a duniya Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara haɗawa da hannunsa a yankin Boston a 1994. Kusan guda 8,000 kawai aka yi, ya kuma malale kayan cikinta da baƙin danƙo don kada a kwafa. An kanƙare danƙon, an kwafa, yau kwaikwayonta ya cika kasuwa a kan kuɗin cefane, ta asali kuwa tana cin dubban daloli. Malam Kunne bai taɓa taka ta asali ba, amma ya san kwaikwayon bai kama ƙafarta ba.

A 2023 Josh Scott na kamfanin JHS ya sa bidiyo a YouTube, ya jera Klon da wata tsohuwar feda mai arha, DigiTech Bad Monkey, ya nuna da ƙyar kunne ke raba su. Mai hankali zai zaci farashin Klon ne zai sauko. Ina! Na Bad Monkey ne ya tashi, daga wajen dala 50 zuwa ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Malam Kunne, wanda ya shekara goma yana yi mata dariya, ya wayi gari yana cewa shi dama tun tuni ya ji wani abu a cikinta.

Ɗan Arha

Abokin gabar Malam Kunne ke nan, kuma ba a raba su a majalisa. Takensa: "Kayan ciki ɗaya ne, fenti kuke saye." Yana da gaskiya fiye da yadda Malam Kunne zai so, don fedar kausasa sauti 'yan tarkacen lantarki ne kaɗan, waɗanda kowane mai gyaran rediyo ya sani. Matsalarsa ita ce arhar ba ta tsaya a feda ba. Ƙananan nan ba su da wurin batir, dole sai adafta, kuma yawancinsu volt 9 suke ci, da nagetif a tsakiyar soket, akasin adaftoci da yawa na kayan gida. Ɗan Arha bai ga dalilin sayen adafta ta musamman ba alhali ga wata a durowa. Ya soka, ya ji ɗan ƙauri, ya ce ba komai, ai dala 20 ce. Wannan ne karo na uku. In ya tsira daga ƙauri, sai ya jona fedoji shida a waya ɗaya mai rassa, na dijital da na gargajiya a cakuɗe, sifika ta kama wani zuuu da ba ya yankewa. Ya ɗora laifin a kan janareto.

Mai Tsugunno

'Yan ƙungiyarsa sun fi sanin tsakiyar kansa da fuskarsa. An zo gwaji na awa biyu, ya buga tsirkiya sau ɗaya, ya tsuguna. Ƙananan fedoji sukan zo da babban mamurɗi ɗaya da ƙanana biyu da ba su fi ƙwayar wake ba, sai da farce ake juya su, ga shi kuma yana da ra'ayi a kan kowane ɗigo. Ya murɗa, ya miƙe, ya buga, ya girgiza kai, ya koma.

"Yaya, mu fara?" in ji mai ganga.

"Ɗan dakata, na kusa samunsa."

In ya gama da mamurɗai sai ya shiga sauya jeri: mai gurnani kafin mai amsa-kuwwa kamar yadda aka saba, ko kuwa a juya a gani? Ya kwance wayoyi duka ya sake ɗaurawa. Ran wasa ya zo da takalmi lamba 45, ga fedoji a matse da juna, ya kai ƙafa zai taka ɗaya ya taka biyu, gefen takalmin ya share saitin da ya yi mako uku yana nema. Abin mamaki, ranar ce mutane suka ce sautinsa ya yi daɗi.

Sarkin Hazo

Ya taɓa jin yadda The Edge na ƙungiyar U2 ke buga sauti kaɗan amsa-kuwwa ta cike sauran, ya ce ya ga hanya. Abin da bai lura ba shi ne mutumin yana auna tazarar amsa-kuwwar daidai da bugun waƙa. Sarkin Hazo ba ya auna komai. Yana kunna mai maimaitawa, ya ƙara mai amon babban zaure, ya ɗora mai kaɗa sauti, ya buga tsirkiya ɗaya ya rufe ido ya jira ta gama yawo. A cocin da ke da rufin kwano da bangon siminti, wanda dama shi kansa amsa-kuwwa yake yi, mawaƙa sun shiga baiti na biyu shi sautinsa na baitin farko bai dawo ba. Shugabar mawaƙa ta waiwayo a hankali: "Ɗan'uwa, a ɗan rage mana." Ya rage ƙarar jitar, ya bar hazon. Ya ɗauka hazo na rufe kuskure. Amsa-kuwwa kuwa ba ta da kara: in ka yi kuskure sau ɗaya, sai ta maimaita wa jama'a shi sau huɗu.

Mai Bes

Shi ne ya fi kowa haƙƙi a kan gurnani, kuma shi aka fi hana wa. Ai a kan bes abin ya fara fitowa fili: a Nashville, wajen ɗaukar waƙar "Don't Worry" ta Marty Robbins wadda ta fita a 1961, wani layi na na'urar ɗaukar sauti ya lalace, bes ɗin Grady Martin ya fito a kausashe, aka ji ya yi daɗi aka bar shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera abin da zai riƙa yin lalacewar da gangan, ya zama Maestro Fuzz-Tone a 1962, wadda Keith Richards ya taka a "Satisfaction" a 1965. Mai bes ya san wannan tarihi, yana ba da shi ga duk wanda ya tsaya.

Sai ya sayi 'yar fedar gurnani mai arha, wadda aka yi don jita. Irin waɗannan da yawa suna yanke kaurin sauti, kuma kauri shi ne aikinsa gaba ɗaya. Ya taka, ƙasan waƙa ya zube, masu rawa suka tsaya suna duban juna. Ya koyi darasi, ya nemo mai mamurɗin gauraya sautin asali da na gurnani, ya ƙara da kwaikwayon Boss OC-2, wadda ke ƙara sauti na ƙasa, irin wadda Pino Palladino ya yi aiki da ita a shekarun 1980. Bayan wasa ya tari mawaƙi da murmushi.

"Ka ji sabon sautina?"

"Au, ka canza wani abu ne?"

Ni Kaɗai

Ya gaji da mai ganga mai makara da mai bes mai ƙorafi. Ya ga Ed Sheeran na cika filin ƙwallo shi kaɗai da fedar da ke naɗe kiɗa tana maimaitawa, sai ya sayo irin Ditto, 'yar ƙaramar da TC Electronic na Denmark ya fitar a 2013, mamurɗi ɗaya maɓalli ɗaya. Ya sallami ƙungiya. Amma na'urar tana naɗe abin da aka ba ta ne, ba ragi ba ƙari. In ƙafa ta makara da ƙiftawar ido, kiɗan zai riƙa ɗingishi a wuri ɗaya duk zagaye, kuma babu mai gangar da za a harara. Ya ɗora hawa na biyu a kan ɗingishin, ya ɗora na uku. Maƙwabta sun haddace zagayen nan, har yaran gidan suna yin ɗingishin tare da shi.

Bakanike

Ranar da ya sayi feda ranar yake kwance bayanta. Bai ji sautinta ba tukuna, amma ya san za ta fi haka in an sauya mata abu biyu. Ƙananan nan na zamani sun ba shi haushi, don inji ne ya manna kayan cikinsu, ƙanana ƙwarai, bakin ƙarfen dalmarsa ya fi su girma. Duk da haka yana gwadawa. Yana da kwali cike da fedojin da ya inganta, babu mai kamawa a cikinsu, da gwangwanin kusoshin da suka yi saura. Kada ka ba shi aron taka.

Dattijo Sauti-a-Yatsa

Waya ɗaya daga jita zuwa amfilifaya, shi ke nan. Yana kallon allon yara yana murmushin tausayi. "Sauti a yatsa yake," in ji shi, ya kawo misalin Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Labarin gaskiya ne. Abin da dattijo ke tsallakewa shi ne, wanda ya saurari faifan Afrique Victime na 2021 ya san mutumin bai tsaya a wayar birki ba. Jitarsa na gurnani da ƙara iyakar ƙarfinta. Kuma dattijon nan, duk da wa'azinsa, ran Juma'a da yamma sai ka ji sallamarsa a ƙofar Saura Ɗaya.

"Ɗana, 'yar koriyar nan taka, ara mini ita zuwa Lahadi. Ba don ni ba, amfilifayar wurin ce ba ta da kirki."

Akwai feda guda da babu ɗaya cikin taran nan da ke alfahari da ita: ta saita tsirkiya. Ba ta gurnani, ba ta amsa-kuwwa, ba wanda ya taɓa cewa tasa ta fi ɗumi. Aikinta ta nuna maka da 'yar fitila ko tsirkiyarka ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuma muddin an taka ta, sautin jita yana ɗaukewa ɗif har a gama. Malam Kunne ya ce kunnensa ya ishe shi, Ɗan Arha ya ce akwai ta kyauta a wayar hannu, Saura Ɗaya ya cire tasa don koriya ta shida ta samu wuri. Alhali a duk allon ita kaɗai ce masu sauraro ke cin moriyarta sau biyu, wajen daidaiton kiɗa da wajen ɗan shirun da take kawowa. In kana da mai jita a gida kana neman abin da za ka yi masa kyauta, saya masa ita. Shi ba zai gode maka ba, amma maƙwabta za su zo har gida su yi.