Dutsen Da Akuya Ta Faɗi

Wanda abin nan ya faru da shi yana nan da ransa, kuma shi ne riƙe da alƙalamin nan. Amma akwai wuraren da kunya ba ta barin mutum ya ce "ni", don haka bari mu kira shi gogan naku.

Gogan naku Bakano ne, karatu ya kai shi Gilasgo a ƙasar Sikotlan. Wata Asabar cikin watan Yuni, abokinsa Bazazzagi ya ce su tsallaka tsibirin Arran su hau Goat Fell, dutse mafi tsawo a tsibirin. Gogan ya duba ya ga mita 874. Ya tuna an ce Dala mita 534 ce. Ya yi lissafi irin na ɗan Kwari, ya ce, "Haba mutumina, abin da ko Dala biyu bai cika ba? Ni da nake hawa Dala da silifa!"

Abin da bai sa a lissafin ba shi ne, tsawon dutse daga bakin teku ake ƙirga shi. Birnin Kano kansa yana zaune ne a kan kusan mita 480, saboda haka mai hawa Dala ɗan ragowar kawai yake takawa. Shi kuwa Goat Fell daga gaɓar ruwa ake fara shi, duk mita 874 ɗin sai an biya su da gwiwa, babu ragi.

Jirgin ruwa daga Ardrossan zuwa Brodick kusan minti 55 ne. Kowa a ciki da ƙaton takalmi mai haƙora da rigar ruwa. Gogan naku kuwa sau-ciki ya sa mai santsin ƙasa, da wandon yadi, da hula zanna da ya kafa a goshi saboda hoto. Guzurinsa kilishi da fulas ɗin shayi. Bazazzagin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ɗaurin aure za mu?"

Sunan dutsen ma ya isa gargaɗi. Mai ƙaramin Turanci zai fassara shi da "akuya ta faɗi". Gaskiyar magana, kalmar ƙarshen nan tana nufin dutse ne a harshen mutanen Nowe na da, waɗanda suka riƙe tsibirin har zuwa 1266. Amma gogan naku ya fi yarda da fassarar farko tun kafin su yi rabin tafiya.

Farkon hanya lafiya lau, cikin daji mai sanyi daga wani wuri da ake kira Cladach. A nan ya tsaya zai sha shayi, sai ƙwarin ƙasar suka yi masa sallama. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne, ƙwayar gero ta fi su girma, amma a runduna suke zuwa idan iska ta kwanta. Sauron Kano ko ba komai yana yin kuka kafin ya ciji mutum. Waɗannan ba su san wannan ladabin ba. Ya mari kansa har ya zubar da rabin shayin.

Da suka fita daga dajin, bishiyoyi suka ƙare, sai hawa. Sau uku yana ganin tudu ya ce ga ƙololuwa, sau uku yana isa ya tarar da wani a bayansa yana jira. Ana haka wata tsohuwa da ta yi jika da shi ta zo ta wuce da sanduna biyu da ɗan karenta, ta yi masa murmushi ta ce saura kaɗan. Bayan awa guda ta sake wuce shi, wannan karon tana saukowa, ta sake cewa saura kaɗan. A wannan dutsen ma har tseren gudu ake yi duk shekara, gwanaye su hau su sauko cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Allah ɗaya, gari bamban.

Kashin ƙarshe shi ne inda ido ya raina fata. Dutsen giranit ne, dangin Kufena na Zariya. Shi na Arran ya daskare ne a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ƙanƙara ta zo daga baya ta sassaƙe shi. Manyan duwatsu ne jibge a kan juna kamar buhunan dalar gyaɗa, sai dai ba leburan da ya jera su da tsari. Bazazzagin ya ga na gida, ya yi ta tsalle. Gogan naku kuwa takalminsa ya ƙi kama komai, ya koma rarrafe da hannu da gwiwa, yana ambaton Allah da murya mai ƙarfi. Iska ta zo ta ɗauke zanna, ta yi yamma da ita ba ko sallama.

An ce ranar da gari ya washe, daga saman nan ana hango gaɓar Ailan. Su dai hazo suka tarar, da wani ɗan ginshiƙin awo, da allo mai nuna sunayen wuraren da ba su gani ba. A cikin wannan hazon ne Bazazzagin ya ga ya dace ya ba da tarihi: a watan Yulin 1889 wani Bature, Edwin Rose, ya hau dutsen nan tare da John Laurie, aka tsinci gawar Rose bayan makonni a ƙarƙashin wani dutse, kotu ta kama Laurie da laifin kisa. Ya ƙare labarin ya ce, "Bismilla, shige gaba."

"A'a mutumina, kai ne babba. Wuce."

Saukowa da jan gindi aka yi ta. Shi giranit kaushi gare shi kamar dutsen niƙa sabon sassaƙa, yana riƙe takalmin ƙwarai, yana kuma cin yadi. Kafin su kai inda ƙasa ta daidaita, bayan wandon ya zama taga biyu. Rigar sanyin Bazazzagin aka ɗaura a ƙugu, kuma har yau yana karɓar kuɗin haya da baki duk inda aka taru.

Saura ƙarashen. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare. Gogan naku, wanda ya saba duba lokaci a sama, ya ga rana tsaye kamar la'asar sakaliya, ya ce a zauna a ci kilishi. Da suka iso Brodick, jirgin ƙarshe ya daɗe da tashi. Kuɗin masauki na daren nan ya cinye cefanen mako biyu.

Duk wanda Allah ya kai shi Arran, idan ya ga hula zanna ruwan toka maƙale a wani dutse ta yamma da ƙololuwa, don Allah ya taho da ita. Ta aro ce.